Birinyar da Ta Riƙe Hannun Bilqis

Old Trafford,
Manchester.

Zuwa ga Innata, Hajiya Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina miƙo gaisuwar girmamawa daga ƙasar sanyi zuwa Zariya, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Sha'aban ya ce mini yanzu kina zuwa Islamiyya ba tare da sanda ba, na yi murna ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananki. Mu nan lafiya lau. Maigidana Halliru yana ta fama da aikin asibiti. Jikarki Shifa ta yi tsawo har ta kusa kafaɗata, Hausarta dai tana nan inda kika bar ta, a yi mata magana da Hausa ta mayar da Turancin mutanen Manchester.

Inna, na zaɓi in rubuto ne domin maganar ta fi ƙarfin waya. Sau biyu ina ɗaukota muna hira, sai in koma zancen damina. Kin san halin da ƙanwata Bilqis ta shiga tun da jaririnta ya koma bara, bai ko kai ranar suna ba. Duk mun yaba haƙurinta, ke ma kin yaba, domin ba wanda ya ga hawayenta. To amma ni da nake shiga jirgin ƙasa in je Birmingham wurinta, na ga abin da ba a gani ta waya. Sai in tarar da gidansu na unguwar Aston a share tas, ita kuwa tana zaune bakin taga tana kallon titi, tana wani ɗan gunguni a maƙoshi kamar mai lallashin yaro. Mijinta Junaidu ya yi wa yaron huɗuba da suna Muhsin kafin a kai shi, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa furta sunan ba, makabartar ma ba ta taɓa tambayar inda take ba. Likitansu ya ce ko za a canza mata iska. Da Junaidu ya gama rubutun digirinsa sai ya ce mu tafi hutu tsibirin Borneo, ɓangaren Malaysia, tunda akwai Musulmi da yawa, ba wahalar abinci, ga ɗumi. Halliru bai samu hutu ba, sai muka tafi mu huɗu, ni da Shifa da su biyun.

Dajin can ba irin namu ba ne da mutum zai tsaya ya hango nesa. Bishiyoyi ne dogaye sun haɗe kai a sama, rana ba ta sauka ƙasa sai wani haske kore-kore kamar kana ƙarƙashin ruwa. Zafin kuma jiƙaƙƙe ne, wanki ba ya bushewa. An sauke mu a ɗakunan katako a bakin wani kogi mai launin kunu, kullum da safe a ɗauke mu a kwalekwale mai inji. Mun ga birai masu dogon hanci da ƙaton tumbi, suna zaune bisa reshe kamar dattawa a majalisa, Shifa ta yi dariya har da riƙe ciki. Mun ga kada kwance a laka, na ɗauka gungume ne sai da ya buɗe ido. Akwai wata irin cilakowa da ta ninka tamu girma, in ta tashi fikafikanta suna ƙara kamar ana zarto. Matsattsaku kuwa sun sha jinin Junaidu har ta cikin safa. Ƙwarin dajin ba sa shiru ko kaɗan, kuka suke kamar injin niƙa, har kunne ya saba ya daina ji. Duk wannan Bilqis tana kallo ne kawai kamar an kunna mata talabijin.

Ana saura kaɗan mu dawo, da hantsi, jagoranmu ya ɗauke mu yawo a wata siririyar hanyar katako da aka shimfiɗa bisa fadama cikin dajin. Mutum ne mai sanyin magana, Musulmi, da sallama yake gaishe mu. Shi ne a gaba, sai Junaidu, sai ni da Shifa, Bilqis tana can baya. Mun yi nisa sai na ji wani abu ya canza, ban gane ko mene ne ba sai da Shifa ta damƙe mini hannu. Ashe kukan ƙwarin ne ya ɗauke ɗif, lokaci guda. Ba tsuntsu, ba iska, ina jin numfashina. Sai wani wari ya taso kamar na tsohon ƙirgi da ruwa ya taɓa. Jagoran ya ɗaga hannu muka tsaya. Ganyaye suka fara faɗowa ɗaya-ɗaya daga sama, ba abin da ke kaɗa su.

Da na ɗaga kai sai na ga tana saukowa. Irin manyan biran nan ne da suke kira orangutan, jagoran ya taɓa gaya mana ma'anar sunan a harshensu mutumin daji. Mace ce, gashinta ja kamar lalle, hannayenta dogaye, fuskarta kuwa, Inna, ta tsohuwar da ta ga duniya. Ba ta gaggawa. Da hannu ɗaya take saukowa, ɗayan yana rungume da wani abu a ƙirjinta wanda na ɗauka tsumma ne. Jagoran ya yi mana raɗa cewa ɗanta ne, ya daɗe da mutuwa, ta ƙi yar da shi, ma'aikatan dajin suna sane da ita. Ya ce kada kowa ya motsa, kada a kalle ta cikin ido, domin ƙarfinta ya fi na ƙatti da yawa. Ta dira bisa katakon har sai da ya girgiza a ƙarƙashinmu. A nan na ga ɗan nata sosai, ya bushe, 'yan yatsunsa a lanƙwashe. Ƙuda ya sauka a kansa ta kore shi a hankali da bayan hannu.

Ta wuce jagoran ba ta dube shi ba. Ta wuce Junaidu. Ta wuce ni, gashinta ya gogi zanena, na danna fuskar Shifa a cikina. Sai ta tsaya a gaban Bilqis, ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunta. Junaidu ya zabura, jagoran ya riƙe masa riga da ƙarfi yana girgiza kai. Na san in dabbar ta fizga, ko dai ta karya mata hannu ko ta jefa ta cikin fadamar, ba kuma mai iya hanawa. Na ɗauko Ayatul Kursiyyu a zuci. Bilqis kuwa ba ta sunkuyar da kai yadda aka ce ba. Kallon juna suke yi, har na rasa tsawon lokacin da suka ɗauka.

Daga nan birinyar ta jawo hannun Bilqis ta ɗora shi a bayan gawar ɗanta, ta danne da nata. Bilqis ta durƙusa. Cikin shirun nan na ji muryarta ƙasa-ƙasa, da Hausa, tana yi mata gaisuwa yadda ake yi wa maƙwabciya in an shiga gidan rasuwa. Ta tambaye ta ya haƙuri. Ta ce ita ma nata ya tafi, sunansa Muhsin, yana da suma cike da kai, kuma da aka miƙo mata shi a asibiti tsoro ya hana ta rungume shi yadda ya kamata. Dabbar ta yi wani dogon numfashi, ta saki hannun, ta kwantar da ɗan a kan katako a gaban gwiwoyin Bilqis. Ta kama reshe ta hau, ba ta waiwayo ba. Tana ɓacewa cikin ganye kukan ƙwarin ya dawo gaba ɗaya kamar an kunna.

Jagoran ya zauna a ƙasa yana share gumi, ya ce shekararsa da yawa a dajin bai taɓa ganin irin haka ba. Ya kira ma'aikatan su zo su ɗauki gawar. Kafin su iso Bilqis ta zare gyalen da ta yafa a kan hijabinta ta naɗe ɗan birin da shi, ba wanda ya hana ta. Muna komawa masauki ta zauna a baranda ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da jaririnta ya koma, ba ta tsagaita ba har aka shiga la'asar. Junaidu ya zauna gefenta shi ma yana yi. An duba hannun a wani ƙaramin asibiti, ba rauni, sai shatin dogayen yatsu da ya zagaye shi.

Ranar da za mu taho, muna cikin kwalekwale da safe, Shifa ta nuna mana gaɓar kogin. Rassa ne suke motsi, suna tafiya daidai da mu. Can sai muka ga birinyar, hannu biyu a sake yanzu, tana kama wannan bishiya tana sakin waccan. Mai tuƙin ya rage gudu ba tare da an ce masa ba. Haka ta bi mu har inda dajin ya ƙare, gonakin kwakwar manja suka fara. A bishiyar ƙarshe ta tsaya ta zauna. Bilqis ba ta ɗaga mata hannu ba, ta dai juya baya gaba ɗaya tana kallonta har kogin ya yi kwana.

Ban san sunan da zan ba wannan abu ba, Inna. Halliru ya ce mai yiwuwa don Bilqis ce kaɗai ba ta nuna tsoro ba. Junaidu ya tambayi wani malami a masallacin da yake zuwa a Balsall Heath, ya ce dabbobi al'umma ne kamar mu, Allah yana sanya rahama inda ya so, mu dai riƙe azkar. Na karɓi duka biyun. Amma a jirgi muna dawowa Shifa ta tambaye ni yadda aka yi birin ya san waƙar Anti Bilqis. Na ce wace waƙa. Ta ce wadda take yi a bakin taga, wai lokacin da dabbar ta gifta ta gefenmu ita take yi a maƙoshi. Ni ban ji komai ba, kuma ni ce kusa da ita. Na ce wa yarinyar ta yi barci, ni kuwa ban runtsa ba har muka sauka.

Abin da ya sa na ba ki labarin shi ne abin da ya biyo baya. Mun dawo ba da daɗewa ba Bilqis ta ce Junaidu ya kai ta inda aka binne yaron, ni ma na taso daga Manchester na raka su. Ana yayyafi, ta tsaya ta yi masa addu'a da sunansa a fili. Yanzu tana cin abinci, tana fita, shatin ma ya baje, ko da yake ta ce in gidan ya yi tsit takan ji ɗumi a wurin, kuma ba ya ba ta tsoro. Roƙona gare ki, Inna, ke kika raine mu tun da Allah ya ɗauki mahaifiyarmu, maganarki ce take shiga kunnenta. Za ta kira ki ranar Juma'a. In ta ɗauko zancen yaron, don Allah kada ki ce mata a bar maganar, abin da ya wuce ya wuce, yadda duk muka riƙa ce mata. Ki tambaye ta yadda kamanninsa suke. Ta gaya mini tana so ta kwatanta miki shi da bakinta, domin kunnuwansa irin naki ne sak, kuma ke take so ta fara faɗa wa dalla-dalla.

Ki miƙa gaisuwata ga Malam, da Yaya Rabi'a da yaranta, da Sha'aban, da Abdulsalami in ya zo daga Kaduna, da maƙwabciyarmu Maman Hannah. Halliru yana durƙusawa yana gaishe ki, Shifa ta ce a gaida Kaka. Ki sa mu a addu'a, musamman Bilqis da Muhsin ɗinta. Allah ya sada mu da alheri.

'Yarki mai kewarki,
Ramlat