Matsalar Wuya

Anka,
14 ga Oktoba, 2013.

Zuwa ga yayana Ignatius,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Jemimah da yara da dukan 'yan'uwa na Legas. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan da ka ce tana hana ka hawan bene, ya kuma sa albarka a shagonka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gero ya shigo gida, dawa ma ta kusa. Aikin asibiti yana nan yadda ka san shi, marasa lafiya da yawa, hannu kaɗan. 'Yarka Rejoice kuwa ba a magana, tun da aka tsayar da ranar aurenta ashirin da takwas ga Disamba ba ta da zance sai na ɗinki. Dangin Gabriel, angon, sun zo daga Gummi makon jiya, mutanen kirki ne, mun rabu da farin ciki.

Bayan haka, kaya sun iso. Yusufu direba ya kawo jitar bes ɗin, mai kaurin muryar nan, har ƙofar gida cikin akwatinta, ko ƙwarzane babu, tare da faffaɗan maratayi mai soso da kwalbar man zafi. Mun gode, Allah ya saka. Na fara da godiya don kada ka ce ƙanwarka ba ta da tarbiyya, domin abin da zai biyo baya faɗa ne. Haba Yaya! Mutum ya roƙe ka aron tsohuwar jitarka, ka aiko masa da sabuwa? Na ga saƙon da mijina Shadrach ya tura maka da idona. Ya ce ta cocinmu gara ta cinye ta, in da hali ka ara masa tsohuwar taka, domin yana da matsalar wuya. Wuyan jita yake nufi, Yaya, wuyan jita! Kai da ka shekara talatin kana kaɗa abin nan, sai ka ɗauka wuyansa ne ke ciwo, har da sayen man shafawa. Da na buɗe kwalbar nan na rasa dariya zan yi ko kuka. Ana ga yaƙi kana ga ƙura.

Sannan ka kira ka tsare ni a waya har kunnena ya yi zafi, kana jera mini falalar sabuwar. Wai kamfani ɗaya ne ya ƙera su biyun, amma wannan ita ce ta zamani. Wai tsirkiyarta biyar maimakon huɗu, maɓallanta shida maimakon biyu, tana da batir a ciki, katakonta daga wata ƙasa mai nisa, kuma ba ka iya aika wa surukinka abin da fentinsa ya goge, mutanen Anka su ce ka raina shi. Na ji, ban katse ka ba. To yanzu kai ma ka ji nawa, ni da ban iya kaɗa ko gwangwani ba, amma na yi wata guda ina kallon abin nan a hannun mai shi.

Wuyanta ya yi faɗi. Wannan tsirkiya ta biyar da kake alfahari da ita ai wuri ta ci, sai wuyan ya zama kamar allo, ga kauri ta baya. An kuma shafe bayan da fenti mai sheƙi, wanda a ɗakinka mai sanyi wataƙila santsi yake yi, amma a zafin Anka da hannu ya yi gumi sai ya riƙa kama babban yatsa kamar ƙaro. Tsohuwar fa? Ka manta ni ce nake goge mata ƙura a ɗakinka na Kafanchan, lokacin da Shadrach yake zuwa wai koyon kiɗa, alhali ni yake zuwa gani? Wuyanta siriri ne, hannunka ya cinye fentin bayan har katako ya fito, yatsa yana sulalewa a kai ba ya tsayawa. Ga ta ba nauyi. Wannan kuwa in ya rataya ta tsawon sujadar Lahadi a coci, to a nan ne zai samu ciwon wuyan da ka yi masa fata, man zafinka ya yi rana.

Maɓallan kuma, wa ya aike su? Tsohuwar biyu gare ta, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na sa ta yi kauri ko ta yi kaifi, an gama. Wannan shida ne, biyu a cikinsu ma hawa biyu gare su, wani a ja, wani a danna. Hannun riga ya goga ɗaya kawai sai kwanon coci ya ɗauki rawa, tsofaffin zumuntar mata suna waiwaye ko hadari ne ya taso. Lahadi ta biyu ana tsakiyar waƙar baiko, mutane suna zuba sadakar coci, ta yi tsit, ashe batir ne ya mutu. Irin ɗan murabba'in nan ne, mun zagaye kasuwar Anka kaf ba mu samu ba, sai da aka yi saƙo Gusau. Jita da ke jin yunwa kamar tocila, ina amfaninta a garin nan?

Amma duk wannan mai sauƙi ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai abin da Shadrach ya hana ni gaya maka, don yana jin nauyinka, ni kuwa na gaji da rufewa. Ka san shekarun da ya yi yana zuwa Bagega da Dareta gyaran injinan niƙa, waɗanda masu haƙar zinariya suke niƙa dutse da su. Ƙurar nan ya yi ta shaƙa, tun kafin kowa ya san akwai dalma a cikinta. Allah ya tsare mana yara, amma shi ta taɓa shi. Likita ya ce ta raunana jijiyoyin hannunsa. Hannun hagun ba ya buɗewa kamar da, ƙananan yatsu biyun nan ba su da ƙarfi, kofin shayi ma da hannu biyu yake ɗauka. Abin da yake nufi da matsalar wuya ke nan. Ya kasa rubuta maka cewa hannunsa ne ya gaza, sai ya ɗora wa jita.

Lahadin da ta wuce, a waƙa ta biyu, na ga yana miƙa ɗan yatsansa ya kai inda ya saba kaiwa, bai kai ba. Ya sake, bai kai ba. Sai ya sunkuya yana taɓa wayar sifika kamar ita ce ta lalace, ya jingine jitar, ya koma benci ya zauna. Duk cocin sun yarda waya ce, ni kaɗai na sani. Bayan an tashi ya gaya wa Fasto a nemi wani, shi ya tsufa. Mutum ɗan shekara arba'in da shida! Yanzu jitarka tana ƙarƙashin gado, kullum kuma in ka kira sai ya ce maka tana da daɗi ƙwarai, ya gode. Ku biyun nan kun ishe ni, wallahi. Kai girman kai ya hana ka aiko da tsohon abu, shi kunya ta hana shi buɗe baki, ni ce a tsakiya kamar hatsi a turmi.

Abin da ya fi ci mini rai, tun Rejoice tana goye yake cewa ranar aurenta shi zai kaɗa mata ta shiga coci, ba wani ba. Yarinyar nan ta riga ta zaɓi waƙar, tana ta gaya wa ƙawayenta. Shi kuma ya ce in lallaɓa ta in ce mata aiki zai yi masa yawa ranar. Na ce ba da bakina ba. Shekaranjiya da la'asar na shigo na same shi zaune da muciyata a hannu, yana danna yatsu a jikinta ɗaya bayan ɗaya, yana ƙunƙunin waƙar nan. A kan muciya yatsun suna kaiwa, Yaya. Da ya gan ni sai ya ce wai dubawa yake ko ta tsage.

Don takaici har na ɗauki jitar taka na kai wa Dikko, masassaƙin da ke bayan layinmu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce wanga ai ƙota ce, in bar masa zuwa azahar zai fere wuyan ya koma kamar na fartanya. Na rantse saura kaɗan in bari. Tunanin fuskarka ne ya sa na dawo da ita, amma kada ka yi tsammanin na manta hanyar shagonsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Yusufu zai sake tasowa daga Legas farkon Nuwamba, zan ba shi sabuwar ya mayar maka, da maratayin, man zafin kuwa ka shafa a gwiwarka. Shadrach yana bukatar ko da mako shida ne hannunsa ya saba kafin biki.

Ka gaida Anti Jemimah da kyau, ka ce ina jiran ta da wuri don aikin abinci. Ka gaida yara, da Baba ƙarami in ka je Ikorodu. Rejoice tana gaishe ka, haka ma maƙwabciyarmu Inna Hure, wadda har yanzu take tambayarka, wai baƙon nan mai dariya da ƙarfi. Shadrach bai san na rubuto ba, kada ka nuna masa ka ji komai.

A cikin takardar nan za ka ga jan zare mai ƙulli. Yana barcin rana na auna tafin hannunsa, daga babban yatsa zuwa ƙaramin, iyakar inda yake iya buɗewa yanzu. Na kewaya wuyan sabuwar da shi, bai haɗu ba, saura faɗin yatsa guda. Ka sauko da tsohuwar daga bango ka kewaya nata. In ya haɗu, ka ba Yusufu, ko fenti kada ka sa a taɓa. In bai haɗu ba, ni kaɗai za ka kira, don in san yadda zan gaya wa 'yata.

Ni ce ƙanwarka, wadda ta yi maka faɗa don ta san za ka ji,
Catherine Shadrach.