Rangwamen 'Yan Gida Ɗaya

Agege, Legas.

Yaya Mariamu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san tun rasuwar maigidana Ashiru, da wainar da nake toyawa a bakin masallacin layinmu nake riƙe Fauziyya a makarantar Sistocin Katolika. Kuɗinsu ba wasa ba ne, amma malamansu suna shiga aji, babu yajin aiki, kuma ba a taɓa hana ta sallar azahar ba. Na yi wa ubanta alkawari yana kwance cewa ba za ta fita ba sai ta gama.

To, wansa, Alhaji Shitu, shi ya miƙe a majalisar bayan asuba ya ce duk wanda ya sayi wainata, kuɗinsa coci za shi. Mutanen da suka yi shekaru suna lashe yatsa a gabana, yanzu ratse ni suke yi kamar na kasa mushe. Jiya ƙullu ya yi tsami, na juye shi a kwata ina hawaye. Mutumin da ko sabulu bai taɓa aiko wa marainiyar ƙaninsa ba, ga shi gidan gado ɗaya muke! Idan zangon nan ya ƙare ban cika kuɗi ba, sallamarta za su yi. Na bar shi da Allah, amma wallahi ban haƙura ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki,
Zuliha.

Yaya Mariamu,

Ina gaisuwa. Daddawa ta iso, Allah ya bar zumunci. Ya yaran?

Zauna ki sha labari. An aiki Fauziyya kai littattafai sashen firamare na makarantarsu, wanda ƙofarsa ke ta baya. Wa za ta gani cikin yunifom, har da bajo a ƙirji? Surayya, autar Alhaji Shitu! Ashe Islamiyyar unguwar Abule Egba da yake cewa yana kai ta kowace safiya cikin dogon hijabi, nan ce. A mota take cire hijabin. Ashe ba kishin addini ke cinsa ba, so yake a kori 'yata kafin ta ga tasa. Kai, namiji!

Ban yi masa ko tari ba, har durƙusawa na yi na gaishe shi da yamma. Washegari na ɗaura zane na tafi wurin Sista babba, don na san suna yi wa yara biyu 'yan gida ɗaya rangwame. Na gaya mata gaskiya tsantsa: dukansu jikokin surukina Bature ne, rufi ɗaya, kuma a wurinmu 'yar wa da 'yar ƙane 'ya'yan mutum ɗaya ne. Ta bincika, ta yarda, ta rage wa Fauziyya. Abin da ya saura, in ciniki ya dawo, zan iya.

Ban tsaya nan ba, Yaya. 'Yan kunnen da Inna ta bar mini na kai kasuwa, na biya wa yaran biyu kuɗin motar makaranta na wata guda. Da suka tambayi inda za a riƙa ɗaukarsu, na ce ƙofar zaure, daidai inda majalisa ke zama. Kada ki yi mini faɗa, ramin da ya gina ne, ni tabarma kawai na shimfiɗa a kai.

Taki,
Zuliha.

Yaya Mariamu,

Barka da war haka. Ina fatan kowa lafiya, mu ma sai godiya.

Ranar Litinin, ana tsakar shan shayi, motar ta kunno kai layinmu, da sunan makaranta da gicciye ƙato a jikinta, tana zuba hon. Matar da ke kula da yara ta leƙo ta ƙwala kiran Fauziyya Bature, sannan Surayya Bature, har sau biyu. Surayya, baiwar Allah, da ma burinta ke nan ta hau motar nan. Ta fito a guje, ta tuɓe hijabin a gaban kowa, ta miƙa wa ubanta ya riƙe mata kamar yadda suka saba.

Yaya, da kin ga Alhaji! Kofi a hannu ɗaya, hijabi a ɗaya, baki a buɗe. Malam Talle ladan ya tambaye shi a hankali ko Islamiyyar ce ta sake fenti. Majalisa ta kwashe da dariya. Ni kuwa ina juya waina, ban ko ɗaga kai ba, amma zuciyata fari ƙal. Kafin rana ta ɗaga tanda ta yi wayam, har da masu raɗa mini tambayar nawa ake biya a zango.

Ya so ya cire Surayya don rangwamena ya faɗi. Uwarta ta ce ranar da ya cire ta, ranar za ta koma gidansu da ke Mushin. Dole ya biya. Kin gani ko? Muddin yana biya wa tasa, ana rage wa tawa. Wanda ya rantse sai an kori Fauziyya, da aljihunsa za ta gama.

Na san za ki ce in yafe. Sai ranar da ta karɓi takardarta, sannan in duba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zuliha.