Layin da na ja tsakanin yaro da ƙauye

Laraba da dare, Gidan Rumji

Ni na zana tsarin rumbun bayanan rigakafi na asibitinmu: akwatin yaro, akwatin ƙauye, layi tsakaninsu, wato kowane yaro dole ya zama ɗan ƙauye ɗaya. Ranar nan Isufu na buro, wato ofishinmu, ya ce, "Hajiya, makiyaya fa?" Na daka masa tsawa, na ce ko tsuntsu yana da sheƙa.

Yau wata Bafulatana ta tako daga dajin Sae Sabuwa da jaririyarta. Ordinatar, wato kwamfuta, ta ƙi karɓar suna babu ƙauye, ma'aikacin ya ce ta dawo jibi.

Na wanke shi tas, alhali layina ya bi. Cikin minti biyar na gyara tsarin. Amma ta gaya masa gobe rugarsu za ta tashi, kuma ko sunan jaririyar ba mu da shi.