Man Kaɗen Tambaya

Kebbe, bayan Ƙaramar Salla, 1961

Zuwa ga ɗiyata Zahara'u, gidan Malam Na'iya malamin makaranta, Tambuwal.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Malam Almu na rubuta mani, na kuwa gaya mashi kada shi gyara mani magana, yadda ta fito haka za ta tafi.

Fuskata ta lalace. Kin san tun da nike, mai guda nika shafawa, man kaɗen da marigayiya uwarki Tambaya ka aje mani cikin kasko bakin gado. Wanda ta bari ya ƙare cikin azumi. Sai na ɗauko kwalbar da wanki Maccido ya aiko daga Kaduna lokacin bukin mulkin kai, tare da sabulu mai ƙanshi, wai irin wanda manya ka shafawa. Shi bai zo ba, kwalba ya aiko, amma bari wagga magana. Na shafa da safe, kafin azahar goshina da kumatuna sun ɗau raɗaɗi. Sai ƙuraje, sai fata ta fara saɓa, wuri ya yi ja, wuri ya yi fari.

Ban zauna ba. Na sa lemun tsami da toka. Na sa man shanu, ƙuda sunka raka ni har masallaci. Wanzami ya ba ni wani gari na kwaɓa da kanwa, wanga kam na yi tsammanin raina za shi fita. Yanzu na ja amawalin rawani har bisa hanci, ga zafin bazara, zufa na shiga wurin.

Ba ciwon ya sa na aiko ba. Ran Jumma'a munka zauna cin tuwo zauren Namadi kamar kullum. Namadi, wanda munka yi kaciya tare, ya ɗebi tuwo ya zuba mani cikin wani akushi daban, ya tura mani da bayan hannu. Na ce, Namadi, mi na wanga? Ya ce, a'a, don dai ka sake, Ɗangiwa. Ba wanda ya ɗaga kai. Na tashi na bar masu tuwonsu. Ko da ba su faɗi ba na san abin da ke ransu, kuturta suke tsammani. Mai shayi ya fara wanke ƙoƙon da na taɓa da ƙasa. Ni ma, Zahara'u, in na duba fuskata cikin ruwan alwala sai in ga kamar gaskiya gare su.

Ki tambayi mata ko uwarki ta taɓa gaya ma wani yadda ake yin man nan nata. Kowa ki tambaya, ban da gwaggonki Atu. Kin san tun ranar da anka raba gado ta ɗauke gonar kaɗanyu wadda na yi ƙuruciyata ina noma, na rantse abin gonar nan ba shi shiga gidana. Rantsuwata na nan.

Ki gaida Malam. Allah shi yi maku albarka.

Ni ne ubanki, Ɗangiwa.

*

Tambuwal, watan Zulƙida

Zuwa ga Baba.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Malam ne yake rubutawa, yana gaishe ka ƙwarai, yara ma suna gaida kakansu. Da aka karanta mini takardarka ban iya cin abinci ba.

Baba, don Allah ka daina sa komai. Ka ajiye kwalbar Yaya Maccido da sabulun, ka bar toka da lemun tsami da garin wanzami. Ruwan randa kawai, ka dafa da tsumma mai laushi, kada ka goga. Ka kuma sassauta amawalin, ko a cikin gida ne, wurin ya sha iska.

Malam ya ce akwai malamin asibiti da yake zagayawa da keke yana duba masu irin wannan larura, yana zuwa Kebbe. Na san ba za ka je gindin bishiyar da masu ciwo suke taruwa ya duba su ba, don haka Malam ya roƙe shi ya biyo gida kamar mai gaisuwa. Kada ka kore shi, Baba. Gara a sani.

Ga batta uku na ba 'yan kasuwa su kawo maka. Mai jan zare basilin ne na kanti, marar ƙanshi. Mai baƙin zare man kaɗe ne na kasuwar nan. Ta ukun ba zare, ita ma man kaɗe ce. Idan raɗaɗin ya lafa, kada ka kai kowanne fuska tukuna. Ka ɗan shafa ɗaya bayan kunnen dama, ɗaya bayan na hagu, ɗaya a cikin wuyan hannu, ka bari su kwana su yini. Wanda bai yi ƙaiƙayi ba, bai yi ja ba, shi ne naka. Ka fara da kaɗan, fuska tana da ɗan damshi bayan alwala.

Kada ka haɗa su wuri ɗaya don a yi sauri. Na san halinka.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar mana kai.

Ɗiyarka, Zahara'u.

*

Kebbe, gab da Layya

Zuwa ga Zahara'u.

Bayan gaisuwa. Alhamdu lillahi, ki yi sujada ki gode ma Allah, ba ita ba ce.

Mutumin mai keke ya zo. Na so in ce ba ni nan, sai dai ya same ni bakin ƙofa. Yaro na mai hankali, ya tuɓe takalmi, ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce in rufe ido, in nuna wurin da na ji an taɓa. Ya ɗauko auduga ya ɗan shafa goshina, na zabura na kusa mare shi. Ya yi dariya, ya ce, Baba, wadda ake tsoro sau da yawa wurin mutuwa shika yi, ba a jin taɓi, kai ko iska ta wuce sai ka ji. Ya duba hannuwana, ya matsa gwiwar hannu, ya duba baya da ƙafafu. Ya ce fatarka ce ba ta son turare, ka kuma bi ta da kanwa. Ya ce za shi sake biyowa shi gani. Da ya fita na koma ɗaki na zauna bakin gado, na yi kuka kamar yaro. Almu, rubuta haka nan, ba kunya ba ce.

Na aika an gaya ma Namadi. Ya aiko da goro. Goron na nan inda anka aje shi.

To, batun mai. Na yi yadda kika ce, ko da yake ban ga dalilin da za a sa dattijo shi yini yana shinshinar bayan kunnensa ba. Na kanti bai yi ƙaiƙayi ba, amma rana na bugawa sai ka ji kamar an lulluɓe ka da tabarma. Na kasuwa warin hayaƙi gare shi, kunnen hagu ya yi ja. Ta ukun, marar zare, tun da na buɗe na sani. Fari na, laushi kamar bargo, yana taɓa fata ya narke. Na sa ma fuska, na yi kwana har sai da ladan ya tashe ni. Yanzu saɓar ta tsaya, jan na komawa, na saki amawali.

Man uwarki na, Zahara'u. Hannunta na, ba mai gaya mani. Ke nan lokacin zaman makoki kin ɗauke wani kasko daga ɗakinta kin tafi da shi Tambuwal ba ki gaya mani ba, ni kuma ina nan ina zuba ma fuskata toka. Ban yi tsammanin haka gare ki ba. Na yafe, amma ki aiko da sauran duka, kuma ki gaya mani nawa ya rage, don in san yadda zan riƙa tsimi da shi. In ya ƙare ban san inda zan nufa ba.

Ki gaida Malam, ki ce na gode da mai keke.

Ubanki, Ɗangiwa.

*

Tambuwal, bayan Layya

Zuwa ga Yaya Ɗangiwa.

Salamu alaikum. Ni ce Atu ƙanwarka. In ka so ka sa Almu shi daina karantawa nan, amma na san ba ka iya barin magana rabi. Ina yi maka barka da Salla, da barka da arziki. Da anka ce mai keke ya duba ka ba komi, sai da na yi kuka, ban kuma jin kunyar faɗi.

Ka bar yarinyar nan, ba ta ɗauki kaskon kowa ba. Ni na hana ta gaya maka, yanzu kuma ni na zo na ce ma Malam Na'iya shi ɗauko alƙalami, don ba a yi ma ɗiya ƙazafi ina zaune.

Yaya, in tambaye ka. Duk zamanka da Tambaya, Allah shi jiƙanta, ka taɓa jin ƙarar dakan kaɗe cikin gidanka? Ka taɓa ganin shanyar ƙwallo tsakar gida? Mai ba shi fitowa daga kasko don kansa. Ni nika yi. Duk damina in na zo Kebbe tsintar kaɗe na sauka gidan mutane, tunda gidan ubana an hana ni, Tambaya na zuwa ta same ni. Kai tana ce maka za ta barkar haihuwa. Ba ka taɓa mamakin yadda matan Kebbe ka haihuwa duk da saukar ruwa ba? In na gama mai in aiko, ta juye cikin kaskonta.

Fatar Inna gare mu, ni da kai. Ka tuna ba ta ko kusantar turare. Ita ta koya mani yin man. Kaɗen da ya faɗo sabo nika tsinta, ba wanda ya kwana cikin laka ba. In dafa, in shanya ga rana, ba bisa hayaƙi ba kamar na masu sayarwa. In ya zama mai in yi ta wanke shi da ruwan sanyi ina zubarwa har shi yi fari, ban kuma sa mashi komi. Shi ke nan, babu wani asiri.

Bara da Tambaya ta rasu na zo gaisuwa da batta cikin zanena. Ka amsa mani da ka, ka juya. Ban san hannun da zan ba ba, na komo da ita. Ita ce marar zaren nan.

Gona kuwa alƙali ya raba, ba ni ba. Kai ka samu fadama, ban taɓa cewa komi ba. Ban roƙe ka ka manta ba. Abin da nika so ka sani, daga itatuwan nan man ya fito, kuma tun kafin a haifi Zahara'u shika shiga gidanka. In rantsuwarka ta fi maka fuskarka, ka maido mani battata, ina da wurin sa ta. In ka riƙe, akwai wani, muddin ina da ƙarfin duƙawa.

Allah shi ƙara sauƙi. Ka gaida Namadi in kun shirya.

Ƙanwarka, Atu.

*

Tambuwal, farkon Muharram

Zuwa ga Baba.

Gaisuwa da ladabi. 'Yan kasuwa sun zo sun koma har sau biyu ba takarda. Na tambaye su, sun ce sun gan ka a gona kuma fuskarka ta yi kyau, iyakar abin da suka sani ke nan.

Baba, idan fushi kake yi, da ni za ka yi, ni na karɓi man. Gwaggo kullum sai ta leƙo ta tambayi ko an maido batta. An yi ruwa, ta fara ɗaure kayanta za ta zo tsintar kaɗe, ta aika gidan da take sauka. Don Allah ko kalma ɗaya ce ka aiko.

Ɗiyarka, Zahara'u.

*

Kebbe, cikin Muharram

Zuwa ga Zahara'u.

Bayan gaisuwa. Lafiya lau nike, shuka ta hana ni zama. Ban fushi da ke. Da uwarki na so in yi, ga shi ba ta nan, na kuma rasa abin da zan ce mata in ban da addu'a.

Na tafi wurin liman kan batun rantsuwata. Ya ce abin da ya wuce ban sani ba, babu komi kaina, amma in zan ci gaba sai kaffara, in ciyar da miskinai goma. Na ce na ji. An yi tuwo, an yanka ɗan akuya. Suna cikin ci sai ga Namadi ba a kira shi ba, ya zauna ya sa hannu cikin akushina. Na ce, kai kuma cikin miskinai anka lissafa ka? Ya ce, matsa can, Ɗangiwa, ka tare nama. Na matsa. Mai keke ma ya komo, ya duba, ya ce ba shi da sauran aiki nan. Kwalbar Maccido na ba Almu, takalminsa shika shafa ma.

Ki gaya ma gwaggonki har gobe ban yarda da rabon nan ba. Batta kuma ba ta dawowa, ta kusa ƙarewa ma. Ki ce mata ta aika gidan mutanen nan da take sauka ta ce ta fasa, nan za ta sauka. Na sa an gyara jinkar ɗakin Tambaya, ba ta yoyo, akwai turmi, akwai wurin shanya tsakar gida. Jiya na bi ta gonar, kaɗe ya fara zuba, awaki na ci. Ki ce mata ta yi sauri.

Allah shi yi maku albarka.

Ubanki, Ɗangiwa.