Tukwane Uku a Bayan Rumbu

Zuwa ga Shugabar gidan gonar tarihi da nake wa aiki a Staten Island.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Harisu, dattijon nan da kuka ɗauka ya riƙa noma da fartanya a gaban baƙi, don su ga yadda Turawan farko da suka mamaye ƙasar nan suke yi. Shekara shida ina tasowa daga Soundview, in shiga jirgin ruwa na feri zuwa St. George, ban taɓa makara ba. Makon jiya manajanki ya dakatar da ni wai na ƙi aiki. Na nemi ganinki sau uku, shiru, shi ya sa na fito fili. 'Yata Safiya za ta juya miki wannan zuwa Turanci.

Na ɗaya. An ce in yi kaftu a bayan rumbu don a faɗaɗa gonar kabewa. Ban yi nisa ba fartanya ta ce ƙwas. Na tona da hannu, sai ga rabin tukunya a kife, wani na bin sa, wani na bin wannan, reras, tsawon mutum. Manaja ya leƙa ya ce juji ne na Baturiyar da ta zauna a gidan a zamanin da. Haba! Wane juji ne ake jera shi? Mahaifina shekara arba'in yana haƙa kabari a garinmu, da hannuna na sha miƙa masa tukwane. Haka muke rufe mamaci kafin a zuba ƙasa. Na duba alƙibla a wayata, wallahi wanda ke kwance a nan fuskarsa na kallonta daidai. Na mayar da ƙasa, na yi masa sallama, na ajiye fartanya.

Na biyu. Kullum ma'aikatanki suna karanta wa baƙi wasiƙun da matar gidan ta aika wa ƙanwarta: saniya ta haihu, ɗanta ya yi aure, sanyi ya kashe tuffa, man shanu ya yi auki. Na ji su har na haddace. Amma akwai guda da ba a karantawa, tana can ƙarshen akwatin gilashi. Na kawo Safiya ta karanta mini. Tsakanin labarin alkama da na tari, matar ta ce bawansu, wannan mai yawan wanke hannu da ƙafa, wanda ba ya cin naman alade, ya mutu, 'yan uwansa sun binne shi da irin tasu al'adar, kuma ta nemi tukwanenta uku ta rasa. Ko sunansa ba ta rubuta ba. Tukwanen ne suka dame ta, kuma wannan ya ƙona mini rai.

Na uku, kuma na san za a ce tsufa ne. A gefen rumbun nake sallar azahar, ni kaɗai, shekara shida. Tun ranar da na taɓa tukunyar nan, in na kabbarta sai in ji mutum ya tsaya a damana, kafaɗa da kafaɗa, yadda mamu ɗaya yake tsayawa. Rana tsaka fa, yaran makaranta suna ta ihu a wajen kaji. Ranar Laraba da na kai ƙarshen Fatiha, an riga ni cewa amin. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi ya fi tsoron yawa, don Allah kaɗai Ya san tun yaushe bawan Allahn nan bai samu wanda zai bi salla ba.

Yanzu na ji an yi hayar tarakta, ranar Asabar za ta bi ta wurin. Aikina ki riƙe in kin ga dama, arziki na Allah ne. Roƙona uku: a dakatar da taraktar, a kira masana su duba, a kuma bar ni in zo da mutum uku daga masallacinmu mu yi masa addu'a.

In kuwa kin ce sai an yi noman, to ki zo da kanki kafin a kunna injin. Zan ɗaga miki tukunyar farko, ki leƙa, sannan ki ba direba umarni da bakinki.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa a samu mai tsare makwancinki ranar da ba ki da bakin magana.

Wassalam.
Harisu manomi, Soundview.