Injin Fatsana da Ke Kulle a Siton Hukuma

Daga:
Teódulo Berrío Cardales,
Masunci mai lasisi na 27,
Layin Coci, Tsibirin Cayo Garza.

Litinin, 25 ga Maris, 2019.

Zuwa ga:
Mai girma Darakta, Dakta Yolima Escorcia,
Hukumar Kula da Keɓaɓɓen Ruwan San Telmo,
Puerto Almendro.

Ranki ya daɗe,

Game da: Ƙwace injin fatsana da aka yi ranar 6 ga Fabrairu, 2019, da wa'adin lasisina da ke cika ranar 11 ga Afrilu, 2019

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ina neman izini in kawo kukana gabanki. Shekarata hamsin da takwas, arba'in da ɗaya daga ciki a kan ruwa na yi su, kuma ban taɓa rubuta wa wata hukuma ƙorafi ba sai yau. In an ga kuskure a tsarin takardar, a yi mini afuwa.

1. Kamar yadda mai girma Darakta ta sani, tun 2015 ba a kamun kifi a keɓaɓɓen ruwan nan sai da sanda da injin naɗe zare wanda aka rubuta lambarsa a lasisin mai shi, kuma mutum arba'in kacal aka ba lasisi. Ba na jayayya da wannan doka. Ranar da aka kawo ta zauren coci, ina cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu, domin da idona na ga yadda baƙi masu injin fatsa na lantarki suka kwashe kifin ƙasan ruwa. Injin da na yi wa rajista na mahaifina ne, marigayi Casimiro Berrío. Wani injiniyan jirgin ruwa ya ba shi a 1974, bayan mahaifina ya raka jirginsu ya fitar da shi daga cikin duwatsu. Injin launinsa baƙi ne, mai kwarkwaro ruwan zinariya, irin wanda aka daina ƙerawa. Akawun da ya yi rajistar ya leƙa ƙafar injin, ya rubuta 40718, ni kuma na sa hannu.

2. Ranar 11 ga Janairu na sauke kifina na ƙarshe. A ranar birkin injin ya riƙa fizga, har wani babban kifi ya tsinke mini zare a bakin kwalekwale. Da yake iskar rani ta taso, fita ruwa ta yi wuya, ranar 14 ga wata na kai injin shagon Doña Nicasia Pertuz, dattijuwa mai shekara saba'in da uku, wadda ke gyara mana kekunan ɗinki da injinan fatsa, kuma ita ta riƙe 'yata Luzmila ranar baftisma. Da ta buɗe shi sai ta ce, "Baban Luzmila, wannan giris ne ko ƙanzon tukunya? Da ubanka na raye da ya zane ka." Muka shirya a kan ta wanke haƙoran giyar, ta sa sabbin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, ta cire tsofaffin faifan birki na fata ta sa na zamani waɗanda ba sa ƙonewa, ta kuma sa mariƙi mai kauri saboda yatsuna sun fara sanƙarewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da doka ta hana. Na sa an karanta mini ita sau biyu. Kayan gyaran suka iso a jirgin Talata, 29 ga Janairu.

A cikin wankin ne ta goge ƙafar injin da ruwan lemun tsami da buroshin haƙori. Da gishirin shekara da shekaru ya fita, sai ga lambar ta bayyana 40713. Ashe gishiri ne ya rufe bakin ukun ya mai da shi takwas. Ta aika aka kira ni, muka yi dariya, na ce idan na shiga gari zan kai a gyara rubutun. Na amsa cewa jinkirin nan laifina ne.

3. Ranar Laraba, 6 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Sufeto Wílmer Altamar ya zo zagayen duba kayan aiki, ya shiga shagon Doña Nicasia, ni ma ina wurin. Ya tarar da injin a buɗe, murfinsa a gefe, ƙananan kusoshi da sifirin a cikin gwangwanin kifi. Ya gwada lambar da ta littafinsa, ya ce ba su yi daidai ba. Na yi masa bayani. Doña Nicasia ta nuna masa harufan C.B. da mahaifina ya karta a cikin murfin. Ta ce masa, "Ɗan nan, bar ni in ɗaure shi mana, minti ashirin ne. Ba a ɗaukar inji da cikinsa a waje." Ya ce, "Iya, ni lamba aka aiko ni dubawa, ba tarihi ba." Ya juye komai a leda, ya ƙulle, ya rubuta mini takarda mai lamba 0562, wadda ta ce ana zargin an kankare lambar an sake ta. Ba na cewa ya zage ni ko ya ci mutuncina. Aikinsa ya yi yadda ya fahimce shi.

4. Jirgin fasinja sau biyu kawai yake zuwa tsibirinmu a mako, Talata da Juma'a, don haka wanda ya bi shi ran Talata ba ya dawowa sai Juma'a. Sau uku na bi shi.

Ranar 12 ga Fabrairu na je ofishin lasisi, na roƙi a yi wa wani inji rajista, wanda surukina zai ara mini. Aka ce sai na kawo tsohon an soke shi da ido, ko kuwa takardar 'yan sanda cewa ya ɓace. Na je wurin 'yan sanda. Wanda ke kan tebur ya karanta takardata, ya miƙo mini, ya ce, "Baba, abin da ke hannun gwamnati ai bai ɓace ba."

Ranar 26 ga Fabrairu na je siton hukuma. Mai sito ya ce ba ya sakin kaya sai da rahoton sufeton da ya kama su. Na nemi sufeton, aka ce an mai da shi tashar kudu tun 18 ga wata, rahoton kuma bai rubuta ba. Na tambaya ko wanda ya gaje shi zai iya rubutawa, aka ce wanda bai ga kamu ba ba ya rubuta rahotonsa.

Ranar 12 ga Maris na koma ofishin lasisi, na roƙi a gyara takwas ɗin ya koma uku. Aka ce sai an ga injin. Na ce ga shi can bayan katangar nan, taku talatin ne. Aka ce ba a fito da shi sai da rahoto. Mai sito ya tausaya mini, ya bar ni na leƙa ta taga. Ledar tana kan kanta ta uku, gefen da iskar teku ke shigowa, kuma cikinta ya yi gumi.

5. Domin kada a ce na zauna ne kawai, ga sauran hanyoyin da na gwada. Lasisin zaren hannu aji ne dabam, kuma an rufe shi. Idan na bi kwalekwalen wani, da sunan mai kwalekwalen ake shaida kifin. Wajen iyakar keɓaɓɓen ruwan kuwa, inda dokar ba ta kai ba, mil goma sha takwas ne. Na gwada ranar 2 ga Maris da ɗan injin kwalekwalena, igiyar ruwa ta cika kwalekwalen sau biyu, na juyo. Matata Eufemia ta tsaya a bakin ruwa ta ce idan na sake, gidan 'yar'uwarta zan same ta.

Ranki ya daɗe, muna cikin azumin gabanin Ista, lokacin da kowane gida a gari ke neman kifi. Kullum da safe ina sauka gaɓa in taya mutane tura kwalekwale, in tsaya har su ɓace. Abokaina sun raɗa mini Kyaftin na Tudu. Wasa ne, ni ma ina dariya. Idan sun dawo sukan jefa mini kifi biyu ko uku, Eufemia ta dafa da shinkafa da madarar kwakwa, in ci in yi godiya. Tsibirinmu tsawonsa tafiyar minti goma sha biyar ne. Ban san ƙanƙantarsa ba sai bana.

6. Abin da ya fi damuna ba nawa ba ne. Takardar 0562 ta ambaci Doña Nicasia a matsayin wadda ake zargi da sake lamba. Matar da ta shekara hamsin tana gyara, ba ta taɓa ɓatar wa kowa da kusa ɗaya ba. Tun ranar ta rufe shagon, ta mai wa mutum tara injinansu a yadda suka kawo su. Na je ba ta haƙuri, ta ce, "Ni da na wanke abu ya zama laifi? To, kowa ya zauna da tsatsarsa." Coci ma ta daina zama a bencin gaba. Babu wani mai gyara a tsibirin, kuma yanzu babu masuncin da ke yarda ya goge ƙafar injinsa, don kowa na tsoron abin da zai gani a ƙarƙashin gishirin.

7. Sashe na 14 na dokar ya ce lasisin da ya yi kwana casa'in ba a sauke kifi da shi ba ya mutu, kuma gurbin ya koma ga na gaba a layi. Daga 11 ga Janairu, kwana casa'in na cika ranar Alhamis, 11 ga Afrilu. Saura kwana goma sha bakwai. Kowa a nan ya san cewa na gaba a layi masu jiragen 'yan yawon shaƙatawa ne, gurbin da ya fita daga tsibirin kuma bai taɓa dawowa ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Darakta:

(a) Ta ba da umarni a fito da injin a gabana da gaban duk wanda hukuma ta yarda da shi, a duba lambar da madubin ƙara girma. Idan aka ga alamar kankara, a soke lasisina a ranar, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

(b) A dakatar da ƙirgen kwanakin daga 6 ga Fabrairu, tunda ba da son raina na bar ruwa ba.

(c) A cire sunan Doña Nicasia Pertuz daga takardar, a kuma rubuta mata hakan, domin takarda ce ta ɓata ta, maganar baki ba za ta wanke ta ba.

(d) Idan duk waɗannan sun fi ƙarfin ofishinki, ko sai sun ɗauki lokaci, ina roƙon abu ɗaya da ba ya bukatar rahoton kowa. A sa wani ya kwance ledar nan, ya ɗauraye kayan da ruwan daɗi, ya shanya su a inuwa, ya ɗiga musu mai. Na haɗo 'yar kwalbar mai da tsumma mai tsabta a cikin ambulan ɗin nan. Ko da an yanke hukuncin ba nawa ba ne, kada a bar shi ya ruɓe a haka.

Na haɗo kwafin lasisina, da na takarda 0562, da sa hannun masunta talatin da ɗaya da suka san injin a hannun mahaifina da hannuna. Zan biyo jirgin Talata, 2 ga Afrilu, in zauna a bencin ƙofar ofishinki har a kira ni.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya da basira.

Naki cikin ladabi da biyayya,

Teódulo Berrío Cardales
Lasisi na 27, Cayo Garza