Kwana Uku Babu Hayaƙi

Zuwa ga ƙanena, Dakta Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Mu a Tudun Wada mun gode Allah.

Makon jiya masu bincike suka kawo wata 'yar na'ura da ake ratayawa a wuya, wai tana auna gubar iskar da mutum ke shaƙa. Na amince autata Rabi ta rataya ta kwana uku, domin tarinta irin wanda ya ɗauke yayarta Safiya ne.

A kwanakin nan uku, gidan burodin da ke jikin katangarmu bai hura wuta ba, abin da ko ranar Sallah ban taɓa gani ba. Ana karɓar na'urar, hayaƙi ya dawo. Mai unguwa, wanda ya rako masu binciken, ya ce, "Malam, gyara suke yi."

Ban zargi kowa ba tukuna. Amma takardar sakamakon awon za ta ce iskar gidana lafiya lau, ni kuwa da hannuna na sa 'yata a kabari. Shin ana iya sake awon ba tare da sanarwa ba?

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Yayanka,
Abdullahi